Hanjin Faliya

A gidanmu na Zangon Kumasi ba a taɓa jin muryata da ta surukina sun haɗu ba. Tun ranar da aka kawo ni nake kauce masa. In ya fito tsakar gida da buta, ni zan shige kicin. In muka ci karo a lungu, in durƙusa in kau da kai, shi ya ce wa bango, "An tashi lafiya?" ni in ce wa ƙasa, "Lafiya lau." Haka aka koya mana, haka muka yi ta yi. Har na haihu, har babbar 'yata ta yi aure, bai daina ce mini Amarya ba, shi ma ba a kan idona ba. In yana son wani abu sai ya faɗa wa ɗansa, wato mijina. Mijina kuwa, Allah ya ƙara masa lafiya, in ka aike shi da magana, rabinta a hanya take zubewa, sauran ta iso da ɗingishi.

Baba Basarke ne. Iyayensa masunta ne a wani ƙauye can arewa, sama da Yeji, inda kogi ke tumbatsa kowace damina ya shafe fadamu. Yana saurayi ya baro ruwa ya zo Kumasi ya koyi ɗinki, ya yi ta taka keke a bakin titi har idonsa ya gaza. 'Ya'yansa duk a nan aka haife su, ba wanda ya iya iyo a cikinsu, wake da shinkafa da soyayyen yajin shito suka sani. Muddin Mma matarsa tana raye, ba ruwana da cikinsa, ita ke yi masa girki a bakin ƙofarta a kan ɗan kurfotinta na gawayi. Da ta rasu tukunyarsa ta dawo hannuna, daga nan kuma na shiga uku.

Da farko yana ɗan taɓawa. Sai ya yi jinyar zazzaɓi, ya warke, amma bakinsa bai warke ba. In aika tuwo da miyar kuka, ya dawo yadda ya tafi. In dama koko, ya kurɓa ya ture. Na daka fufu, na yi farfesun kaza, na yi faten doya. Duk unguwa an san hannuna, in ana biki ni ake kira kan babbar tukunya, amma kwanon Baba kullum da nauyinsa yake dawowa. Ƙannen mijina suka fara zuwa daga unguwar Asawase da kuloli, suna leƙa tukwanena a kaikaice. Nasu abincin ma haka ya dawo, kuma Allah ya yafe mini, ranar na ji daɗi.

Jin daɗin bai daɗe ba, don tsoho ƙarewa yake a kan idona. Wuyansa ya zama kamar na kaza, sai an riƙe shi yake zuwa bayi. Mijina ya kai shi asibiti, likita ya ce ba ciwon da ya rage sai yunwa, in bai koma cin abinci ba za a kwantar da shi a zura masa roba ta hanci. Baba ya ce ya ji. A cikin tasi, kan hanyar dawowa, ya ce wa ɗansa duk wanda ya sa aka zura masa roba bai yafe masa ba duniya da lahira. To ka ji. Abinci ba ya ci, asibiti ya toshe shi da rantsuwa, saura ni da tukunya.

Na ce wa mijina, "Ka je ka zauna ka tambaye shi abin da ransa ke so. Ko naman giwa ne, a faɗa mini."

Ya je ya daɗe, ya dawo ya ce, "Kifi."

"Wane iri? A dafa shi yaya?"

"Kifi dai ya ce. Sauran duk labari ne."

Labarin na san shi, don a kunnena ake yin sa. Tun da Baba ya daina ci sai bakinsa ya buɗe da zance. Kowace hantsi a shimfiɗa masa tabarma a inuwar bango, daidai tagar kicin ɗina, ya kama maganar kifi, ko da mai sauraro ko babu. Zancen gizo ba ya wuce na ƙoƙi.

"In ruwa ya hau fadama," haka yake cewa, "ciyawa ta nutse ta ruɓe, ganye ya ruɓe, kashin shanu ya jiƙe, to daula ta samu. Faliya laka mai laushi take zuƙa, wadda ta kwanta sama-sama kamar gasara. Burdo da leɓensa mai kauri, itacen da ya nutse yake kankara. Karfasa karan ciyawa take bi tana tsotse koren da ya manne. Kurungu can ƙasa yake tono da gashin bakinsa. Duk ruɓaɓɓen abu ɗaya suke ci, amma kowa da inda yake sa baki, ba ka ganin wani ya ture wani. In ka buɗe cikin kowanne za ka san inda ya yi kiwo. Daɗin kifi ai a kiwonsa yake."

Ni ina ciki ina tuƙa tuwon da na san ba za a ci ba, ina jin zancen laka da ruɓa da kashin shanu. Ni 'yar Kumasi ce, lakar da na sani ita ce ta kwatar bayan gidanmu, wadda in ruwan sama ya yi ƙarfi take shigo mana har ɗaki. Uwata ta koya mini kifi ba ya ganin tukunya sai an feɗe shi, an kwashe cikinsa tas, an kankare baƙin da ya manne, an wanke da gishiri da lemon tsami har ya daina ƙarni. Saboda haka duk sanda Baba ya ambaci laka, sai in ƙara matsa lemon tsami.

Na zama 'yar gida a wajen masu kifi na kasuwar Kejetia. Na sayo busasshiyar tarwada, aka ce ya ce hayaƙi ya cinye ta. Na sayo kifin teku na ƙanƙara, bai ko buɗe murfin ba. Na sayo karfasa ɗanya, ƙatuwa, mai kyan gani, na gasa ta na yi mata yaji. Ya shinshina, ya ce wa bango, "Wannan ba ta taɓa ganin fadama ba. A keji aka tsare ta ana watsa mata abincin buhu kamar kazar turawa." Washegari na tambayi mai kifin, ta ce haka ne, daga keji ake kawo ta. Gaskiyar tasa ta fi komai ƙona mini rai. Mutum yana da hancin gane kifin keji, amma ba shi da bakin cewa ga abin da zan ci.

A ƙarshe aka nuna mini wata mata, ba Bahaushiya ba, wadda ake aiko wa da kaya daga Yeji. Na ce mata faliya nake so, ɗanya, ta fadama.

Ta dube ni ta ce, "Hajiya, faliya? Wannan kifi ƙaya ne kawai, mutane ba ya so koraa. Amma in kana so, zan ce direba ya kawo cikin ais. Yanzu ruwan fadama ya fara ja baya, kifi ya yi kitse paa."

Ranar da kayan ya iso na je tasha da kaina. Na shigo trotro, motar haya, da kula tana ɗigar ruwa, fasinja na janye ƙafa suna harara ta, ban kula kowa ba. A gida na buɗe, ga kifi mai faɗi kamar faifai, fari yana ƙyalli, da ɗan mitsitsin baki. Da na tsaga cikin sai ga hanji dogo a nannaɗe, cike da wani abu baƙi mai kore-kore, kitse ya lulluɓe shi, wari kuwa ba a magana. Na kwashe na zuba a wani tsohon kwano na ajiye wa kyanwoyi a bakin kwata. Na wanke kifin har hannuna ya yi fari, na yi miya wadda ni kaina na san ta yi, na aika.

Ta taga nake leƙe. Ya buɗe murfin da sauri, abin da bai taɓa yi ba. Ya duba, ya juya kifin da yatsa, ya leƙa cikinsa. Ya ɗan gutsura ya sa a baki, sannan ya mayar da murfin a hankali. Ranar ko labarin kifin bai yi ba. Ni kuwa na zauna a kan turmi na yi kuka, kuma ba kukan tausayi ba ne, na haushi ne. Na rasa abin da na yi wa tsohon nan.

Duk da haka na sake sa aka kawo, don ban san wani abin yi ba. Bayan azahar ne, gida ya yi shiru, maza sun koma kasuwa. Na gyara kifin, na ajiye kwanon kayan ciki a inda na saba, na fita sayen lemon tsami don nawa ya ƙare. Da na dawo, ina shigowa ta lungu sai na hango shi.

Baban da sai an ɗaga shi, ga shi tsugune a bakin kwata. Yadda ya iso wurin Allah kaɗai ya sani, da bango ya bi ko da rarrafe. Hannu ɗaya yana korar kyanwa da sandarsa, ɗayan yana tsamo hanjin kifin yana sakawa a gwangwanin madara. Kowanne ya ɗauko sai ya laluba da farce ya cire maɗaciya ya ajiye gefe, bai fasa ko ɗaya ba. Kusa da shi ga kurfotin Mma ya jawo daga ƙarƙashin gado, ya tara ɗan gawayi. Ya sunkuya ya hura, ya sake hurawa, numfashin bai isa ya ta da ko toka ba.

Na ja da baya kamar ɓarauniya a gidana. Na san in ya gane na gan shi, kunya za ta riga yunwa kashe shi. A zaure na ci karo da wata 'yar haya za ta shiga da bokiti, na tare ta da hira. Na tambaye ta 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, na tambaye ta ciwon ƙafar uwarta, na yaba zanenta wanda ko kyauta aka ba ni ba zan ɗaura ba. Bakina yana surutu, hankalina yana bakin kwata. Ashe duk wannan laka da ruɓa da ake zuba mini ta taga hannunka mai sanda ne. Ashe abin da tsoho yake mutuwa a kansa, ni kyanwoyin Zango nake kiwo da shi, har sun yi sheƙi. Kalma ɗaya ta isa, a ce kada a zubar da cikin. Amma ina, suruki ba ya gyara wa matar ɗansa girki, kuma tela mai mutunci a Kumasi ba ya cewa hanjin kifi yake marmari.

Da na ji motsi ya lafa sai na shiga da tari. Yana kan tabarmarsa yana haki, ya juya wa kicin baya, gefen tabarmar ya yi tudu inda ya tura gwangwanin. Kurfotin yana nan inda ya bar shi. Na tsaya ina tunanin yadda zan yi, sai na ga ba mafita sai ni ma in koma yi wa bango magana.

Na ce, "Wa ya fito da kurfotin nan ya bar gawayi a banza? Bari in hura shi, ko wani abu ya samu a ɗora."

Na hura, na ɗora 'yar tukunya, na zauna ina fifita. Can sai na ji gwangwani yana gogar siminti, ana turo shi da ƙafa.

Baba ya ce wa bango, "A garinmu ba a wanke shi."

Na runtse ido na juye a tukunya.

"Ba a sa mai, kitsensa ya isa. Gishiri da barkono kawai. Wuta kaɗan-kaɗan."

Na rage wuta.

"In ya yi baƙi ya kama jikinsa, a huda maɗaciya ɗaya a ɗiga. Kaɗan fa. Masu nauyin hannu ɓata shi suke yi."

Ka ji tsoho, yana bakin kabari amma bai fasa gori ba. Na ɗiga kaɗan. Warin ya cika gida, 'yan haya suka fara leƙowa suna toshe hanci, wata tana tambaya ko ɓera ne ya mutu a silin. Na tuƙa sabon tuwo, na zuba baƙin abin nan a gefe, na ajiye a bayansa na koma kicin. Ban leƙa ba, amma kunnena yana wurin. Na ji hannu yana zagaya kwano, na ji yana tsotsar yatsa. Da na fito ɗaukar kwanon sai na tarar da shi kamar an wanke.

Da yamma mijina ya dawo, tun daga zaure ya tsaya yana jan hanci. Ya ce, "Wannan ai warin miyar Mma ne. Ita take yi masa a 'yar tukunya in an kawo kifi daga gida, mu kuwa mu gudu waje muna dariya."

Muciya ce a hannuna, na ajiye ta don kada shaiɗan ya yi amfani da ni. Na ce, "Ashe ka sani?"

"Ai ba wannan kika tambaye ni ba."

Na juya masa baya har gari ya waye, shi kuwa barcinsa ya yi har da minshari.

Daga nan abu ya yi kyau. Kula tana zuwa daga Yeji a kai a kai, wani lokaci faliya, wani lokaci burdo, wanda hanjinsa ya fi tsawo kuma ya fi ɗaci. Naman kifin mu muke ci, Baba nasa cikin ne. Na saba da warin har na fara gane bambancin na wannan da na wancan. Kumatunsa suka ciko, ya koma zuwa masallaci da sandarsa, har ya fara faɗa da masu barin famfo a buɗe. Ni kuwa na saki jiki, na ɗauka an gama.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Da rani ya yi nisa sai kifin ya fara zuwa da ciki a shafe. In tsaga in ga hanji siriri fari, ba baƙin nan, ba kitse. Na tsaga wani, haka. Na koma Kejetia na sauke wa matar nan kwandon faɗa, na ce ta canza mini kaya. Ta rantse da duk abin da take bauta wa cewa wuri ɗaya ne, masunta ɗaya ne. Na dawo gida na zauna bakin kwata ina tsaga kifi ɗaya bayan ɗaya ina tsaki.

Baba yana kan tabarma, ya ce wa bango, "In ruwa ya koma cikin kogi, fadama ta bushe, kifi ya daina kiwo. Kitsen da ya tara yake ci har wata damina. Haka yake kowace shekara."

Kowace shekara. Wato tun yana suɗe kwano ya san abin zai yanke. Ni kuwa ina da firiza a ɗaki, ba komai a ciki sai zoɓo da ruwan leda. Da ya faɗa mini tun ciki na cike, da na sa an yi ta kawowa na ƙulla a leda na daskarar, ya kai shi har wata ambaliyar. Ban san sanda na miƙe da wuƙa a hannu ba. A karon farko tun da na shigo gidan na dubi fuskarsa na yi masa magana.

Na ce, "Baba, kun san zai ƙare, ba ku faɗa ba?"

Bai juyo ba. Yana murza carbi ya ce wa bangon nan nasa, "Amarya tana shan wahala da yawa. Ba a ƙara wa mai kaya kaya."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na so in ce masa wahalar ɗaukar kula ba ta kai ta kallon kwano yana dawowa ba, amma bakina ya riga ya yi iyakar abin da zai iya.

Na gwada dabaru. Na soya fararen hanjin da kitsen kaza, na matsa ruwan shuwaka don ɗaci, na jefa ɗan ruɓaɓɓen kifin miya don wari. Yakan sa loma ɗaya ko biyu don kada in ji kunya, ya mayar da murfi. Kumatun suka koma inda suka fito. Ruwan sama ya sauka a Kumasi har kwata ta cika, amma a arewa damina tana makara, kogi kuma ba ya hawa fadama sai ta yi nisa. Kullum ina aika wa matar nan tambaya, kullum amsa ɗaya ce, tukuna. Mijina ya yi ta kai gwauro yana kai mari a kan maganar asibiti, a ƙarshe ya kasa taka rantsuwar ubansa. Baba ya rasu a ɗakinsa wata safiya bayan an sha ruwa, kogin garinsu ko motsawa bai yi ba.

Ranar addu'a aka kafa rumfa a ƙofar gida, maza a gaba, mata a baya, ni ina bakin zaure ina raba shinkafa. Wani dattijo abokin Baba ya karɓi lasifika ya yabi mamaci, sannan ya juyo kaina. Ya ce a duba matar ɗansa, shekara da shekaru suna gida ɗaya ba a taɓa jin kansu ba, ko ido ba ta taɓa haɗawa da shi ba, shi ma bai taɓa buɗe baki ya ce mata ga abin da yake so ba. Ya ce wannan ita ce kunya ta gaske, 'yan matan yanzu su yi koyi. Mata suka juyo suna gyaɗa mini kai, ana ta cewa Allah ya yi albarka.

Ban taɓa jin haushi irin na ranar ba. Na so in ajiye ludayin in miƙe in ce musu abin nan da kuke yabo shi ya bar tsoho da yunwa, ga abinci a gabansa, ga mai dafawa, bango kawai ne a tsakani. Amma ƙannen Baba maza suna zaune a sahun gaba, su ma surukaina ne, sai na ja mayafi na sunkuyar da kai.